Ƙugiyar da ta faɗi a hanya

Waɗanda suka sayi ɗan littafinmu na bara sun san abin da zan faɗa tun kafin in faɗa. Labarin farko a ciki na wata ƴar'uwarmu ne, ta sa mashi suna "Baƙin Baba", kan mutanen da ke sauka zauren mahaifinta duk ranar kasuwa. Da littafin ya fito daga wurin mai fotokofi, kanun ya koma "Bakin Baba". Haka kwafi sittin suka watsu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, har wani a Tawa ya aiko yana tambaya ko tsohon ciwon haƙori ya yi. Mu mun yi dariya, ita ba ta yi ba. Mahaifin nata bai cika shekara da rasuwa ba, kuma don shi ta rubuta labarin.

Ni na kai aikin shagon, don haka laifin a wuyana yake. Ga yadda abin ya faru. Na buga rubutun da wani tsohon zubin haruffa da na gada wurin wani yayana, irin zubin da Faransawa ke ce ma polis (ba na bakin hanya ba). A na'urata komi lafiya lau. Da aka sa kile a na'urar shagon, duk inda akwai ƙ ko ɗ ko ɓ sai wata alama ta fito wadda ba a san kanta ba. Yaron shagon, don ya taimaka, ya bi ya maye su da k da d da b. Da na je karɓa ya ce min: "Malam, na gyara maka kurakuran duka." Na yi mashi godiya, har na ƙara mashi dala goma.

Tun daga ranar na shiga bin kayan aikin da ake ta yaba mana cewa suna nan kyauta a intanet, na tsara shafi, na harshe, na kimiyya, na koyon rubuta manhaja. Na ƙone forfe ba kaɗan ba. Abin da nake tambayar kowane ɗaya shi ne ko ya san ƙugiya, ko yana aiki in rezo ya ɗauke, ko kuma yana magana da harshen da aka koya mana a lakkwal. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi suna sun faɗi tun a tambayar farko.

Sai an fahimci abu guda tukun. Kwamfuta, ko ordinater yadda muka saba cewa, ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai wani babban kundi na duniya mai suna Unicode da ya ba kowane harafi lambarsa. A cikinsa k tana da lamba 107, ƙ kuma 409. Ba ƴan gida ɗaya ba ne ma a wurin na'ura. Haka ɗ tana 599, ɓ tana 595, ƴ tamu ta Nijar tana 436. Tsohon zubin da na gada an yi shi ne da dabarar da ake yi a da: a kori wata alama daga lambarta, a zana ƙ a gurbin. Muddin zubin yana cikin na'urarka, za ka ga ƙ. Ka kai wata na'ura, mai gida ya dawo ɗakinsa, baƙo ya kwana waje. Duk wanda ke da rubutu a irin wannan zubi, memuwar ce ko waƙa, ya sani ajiya ya yi a bakin gulbi. Gara ya sake buga haruffan nan tun damina ba ta zo ba.

Wurin da na fi samun abin kirki shi ne shafin wata ƙungiya mai suna SIL, wadda cibiyarta ke Dalas ta Amurka. Zan faɗi abin da wasunmu suka faɗa a taro don kar a ce na ɓoye: ƙungiya ce da tushenta yake haɗe da aikin mishan, na fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsuna. Wanda hakan ya dame shi, ra'ayinsa ne. Ni dai na duba zubin nasu ciki da waje, haruffa ne kawai, kuma lasisin da suka sake su a kai ya yarda ka sauke, ka buga littafi da su, ka raba ma abokai. Huɗu na gwada. Doulos kama take da Times ɗin da muka saba gani a takardun gwamnati, siririya ce, in aka yi mata fotokofi sau biyu ƙugiyar ta fara shuɗewa. Gentium kyakkyawa ce ƙwarai, amma kyanta na takarda mai tsada ne. Andika an yi ta don masu koyon karatu, kowane harafi a buɗe, ta dace da littafin yara ko na yaƙi da jahilci. Wadda ta ci tuta a wurina ita ce Charis. Asalinta wani zubi ne mai suna Charter da Matthew Carter ya zana a 1987 musamman don injinan bugu marasa ƙarfi na lokacin. To mu ai har yanzu a wannan lokacin muke. Na buga shafi guda da ita, na yi fotokofinsa, na yi fotokofin fotokofin, har hawa huɗu, a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. A hawa na huɗu ƙ tana nan da ƙugiyarta, ba mai ce mata k.

Akwai kuma Noto, na kamfanin Google, da aka yi don kada wani harafi na duniya ya fito a matsayin ɗan akwatin nan fanko da muka sani. A waya da fuskar na'ura yana da kyau. A takarda bai kai min Charis ba.

Abin da ya ba ni mamaki, mutanen SIL ɗin nan sun yi har na ajami. Harmattan, wato hunturu, an yi shi ne don rubutun ajami na Afirka ta Yamma. Alkalami kuwa an zana shi bisa hannun marubutan Kano, baƙaƙen masu kauri kamar na allo. Unicode ma tun 2016 ta karɓi fa'un da ƙaf da nun irin namu, fa'un mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, yadda muka koya a makarantar allo. Na buga sunan kakata da Alkalami na kai mata. Ita da ba ta taɓa karanta boko ba ta karanta, ta ce hannun malamin yana da kyau, wane gari yake.

Samun zubi wani abu ne, shigar da harafin wani abu ne daban, kuma nan ne ɗan Nijar ke shan wuyar da ɗan Najeriya bai sha ba. Windows yana da kilabiye na Hausa, ana iya kunna shi ba tare da an sauke komi ba. Amma an gina shi bisa jerin maɓallan Ingilishi, wanda ya fara da QWERTY. Namu na Faransanci ne, AZERTY. Ka kunna na Hausa a kan namu, ka taɓa a ta ba ka q, ka nemi m ka tarar ta yi ƙaura. Wanda ya tsara shi Kano ya duba, bai waiwayo arewa ba. Akwai wata manhaja mai suna Keyman, ita ma yanzu a hannun SIL take kuma kyauta ce, tana da jeri na harsunan Afirka da yawa, har tana ba mutum dama ya ƙera nasa jerin. Tana aiki, sai dai sai ka girka ta a na'ura, mai sibar kuwa ba zai bar ka ka girka mashi komi ba. Dabarar da ta fi cetona a na'urar aro ita ce wannan: a Word ko LibreOffice, ka buga 0199 ka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗa ta zama ƙ. Ta ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253, ta ƴ 01B4. Lambobin ɗazu ne a wata irin ƙidaya ta ƴan na'ura. Na rubuta su a bayan katina na ɗalibi. Abin dariya, wayar da ke aljihunmu ta fi ordinater sauƙi: ka ƙara Hausa a Gboard, haruffan suna nan. Shi ya sa da yawa a cikinmu a waya suke rubuta labari, da babban yatsa, kamar masu tsince tsaba.

Kuma duk wanda zai kai aiki shagon bugu, don Allah ya maida shi PDF tun a gida. PDF yana tafiya da zubinsa a ciki, kamar matafiyi da guzurinsa, kuma yaron shago ba zai iya yi maka gyara ba. Da na san wannan bara da ƴar'uwarmu ba ta yi kuka ba.

Ƴan kimiyya a cikinmu sun matsa min in yi maganar LaTeX. Tsari ne na buga littafi da Donald Knuth ya fara a 1978, Leslie Lamport ya zo ya sauƙaƙa shi. In dai lissafi ne, babu na biyunsa, kuma ban ga laifin masu ƙaunarsa ba. Amma ni ina ganin ana cika baki da shi fiye da kima a ɗakunan kwana na jami'a. Injinsa da aka fi amfani da shi, in ya ci karo da ƙ, tsayawa yake ya ce bai san wannan ba. Sai ka koma wani injin mai suna XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, ka gaya mashi ya yi aiki da Charis. Shi kuma XeTeX yana da wani hali da ya fi wancan haɗari: in zubin da ka zaɓa ba shi da harafin, yana iya tsallake shi shiru, ƙasa ta fito asa, sai in ka bi dogon rahotonsa layi layi ka gani. Ga nauyi. Cikakken kayan ya kai giga da yawa, wanda forfen ɗalibi ba ya ɗauka. Ana cewa a je Overleaf, inda ake yin komi a intanet ba sai an girka ba. Madalla ga mai rezo dare da rana. Mu da kuran ke ɗaukewa a tsakiyar jimla, wannan gona ce a ƙetaren gulbi. Don littafi irin namu na labari da waƙa, LibreOffice ya isa har ya yi saura. Mai memuwar ta lissafi ya nemi wanda ya riga ya sauke kayan, ya kwafa a kile.

A fannin harshe ne na fi daɗewa, nan ne kuma raina ya fi ɓaci. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana intanet, ana iya neman kalma a ciki. Kalmomi wajen 39,000 ne. Rijiya ce mai zurfi. Mutumin ya bi kalmomin Katsina da na Sakkwato ya sa masu alama, mu kuwa ƴan Maraɗi Katsinawa ne da suka yi hijira, don haka sau da yawa kalmar da malamin Hausa ya ja ma jan layi ya ce ba daidaitacciya ba ce, sai in same ta zaune a wurin Bargery da mutuncinta. Amma bayanin da Ingilishi yake, Ingilishin ma na shekara casa'in da suka wuce. Mu da aka yi ma Ingilishi awa biyu ko uku a mako a koleji, sai mu ɗauki bayanin mu kai wani ƙamus ya maida mana Faransanci, kafin mu dawo Hausa. Kalmar kakarka ke nan, sai ka bi ta Landan da Pari kafin ka iso gare ta.

Na gida shi ne wanda ke shafin DiLAF, inda masana daga Nijar da Faransa suka ɗora ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak zuwa Faransanci, har da Bambaranci na Mali. Na Hausan an yi shi ne a 2008 don ƴan makarantar firamare. Abin da na so a ciki, yana fara bayyana kalma da Hausa, ya kawo misali, sannan ya ba da ta Faransanci, kuma da ƙa'idar rubutunmu ta 1999 aka yi shi, da ƴ ɗinta. Amma bai kai kalma 8000 ba. Ƙamus ne na yaro. Marubucin da ke neman sunan wani ciwon raƙumi ko wani sashe na masaƙa zai fito hannu rabbana. Ga shi aikin Abdu Mijinguini, Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, a takarda muke yawo da shi, kwafin da ke hannunmu ya sha fotokofi har wasu shafukan sun zama inuwa.

Batun ƴ kuwa, ƙaramin abu ne mai babbar ɓarna. Mu muna rubuta ƴanci, a Najeriya suna rubuta 'yanci, mai gaggawa a waya ya rubuta yanci. Ɗan apostrof ɗin ma iri iri ne a wurin na'ura, akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe. Kalma ɗaya ta zama huɗu ko biyar, mai nema a intanet sai ya gwada kowace. Tunda kuma Hausar da ke intanet galibinta daga kudu take fitowa, injinan fassara ita suka sha suka girma. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, ya kuma samu ci gaba, ban musa ba. Amma Hausar da ba ta san jika ba ce, ba ta san mato ba, ba ta san cewa a nan in mutum ya ce ya tafi likita wuri yake nufi. Ban ɗora ma injin laifi ba. Abin da aka ba shi ya ci. In mu ba mu rubuta ba, daga ina zai ji mu? Wikipedia ta Hausa ma haka. Kowa na iya rubutawa a ciki, amma ka duba garuruwanmu ka ga layi biyu uku, ka duba maƙalar kimiyya ka ji ƙamshin fassarar inji, wani wuri da ƙugiya, wani wuri babu, a cikin sakin layi ɗaya.

Na kimiyya ba zan ja ba, biyu ne kawai suka tsaya min. PhET na jami'ar Kolorado ne, Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel ta fizik a 2001, shi ya kafa shi a shekarar da ta biyo. Ƙananan gwaje-gwaje ne a fuskar na'ura: ka haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ka ƙara wuta ka ga ƙwan ya yi haske, ka haɗa ba daidai ba batir ya kama da wuta. Akwai su da Faransanci, kuma kowane ɗaya ana sauke shi ya yi aiki ba rezo. Ni da na gama lise ban taɓa riƙe abin auna wuta da hannuna ba, a nan na fara gane abin da na haddace don bak. Na biyu Kiwix ne, wanda ke ɗauke Wikipedia ya zuba a kile ko a waya. Ta Faransanci gaba ɗaya ta yi nauyi, amma sun yanka ta gida gida, akwai ta lissafi, ta fizik, ta likitanci. Mutum ɗaya ya sauke, ɗaki goma su amfana. Sauran shafukan da ake yabo galibi bidiyo ne, bidiyo kuwa kura ce a garken mega.

Haka a koyon rubuta manhaja. Darussa na bidiyo sun cika intanet, amma abin da ya koya min Python littafi ne, na wani malami ɗan Beljiyam mai suna Gérard Swinnen, da Faransanci mai sauƙi, wanda ya sake shi kyauta a PDF. Ana iya buga shi babi babi, dala biyar shafi, a karanta da fitilar waya. A nan ma ƙugiya ta biyo ni. Python na yanzu ya yarda ka sa ma abu suna da Hausa, ka rubuta ƙidaya da ƙ ɗinta ya karɓa, ka ce ya maida ta babban baƙi ya ba ka Ƙ daidai. Na yi murna. Sai na ba shi kalmomi huɗu ya jera min: baki, ɗaki, ƙasa, zomo. Ya dawo min da baki, zomo, ƙasa, ɗaki. Da farko na zaci na yi kuskure, sai na tuna lambobin nan. Shi lamba yake bi, z tana 122, ƙ tana 409, ɗ tana 599, don haka duk mai ƙugiya ya koma bayan zomo. Ke nan duk wanda ya haɗa jerin sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya da irin wannan jeri, Ɗanladi da Ƙasimu suna can ƙarshen layi, bayan Zubairu. Maganin yana nan, mutanen Unicode suna da wani kundi mai suna CLDR da ya san ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, amma sai ka san da shi ka je ka kira shi. Ban ga darasin koyo ko ɗaya da ya ambace shi ba, don masu rubuta darussan ba su taɓa cin karo da matsalar ba.

A watan Maris na 2025 aka sa a kundin sake gina ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Mun ji a rediyo, wasu sun yi guɗa, wasu daga cikin abokanmu masu wasu harsunan sun yi shiru, kuma shirun nasu abin saurare ne, don su ma suna da haruffan da kilabiye bai sani ba. Ni abin da ya faɗo min a rai a ranar shi ne sakataren da za a miƙa ma takarda a ce ya buga da Hausa, a kan AZERTY, ba wanda ya taɓa nuna mashi inda ƙ take. Abin da yaron shagon nan ya yi shi zai yi, kuma da kyakkyawar niyya. Ƙasa ta koma kasa a takarda mai hatimi.

Na fara ƙera jeri na Keyman a kan AZERTY, wanda zai bar kowane maɓalli a inda yatsunmu suka san shi, ya ƙara mana haruffan nan huɗu da manyansu. Ƙananan sun zauna. Manyan ne ke ba ni wuya in an kunna makullin manyan baƙaƙe, Ɗ tana fitowa, Ƴ ta ƙi. In akwai ɗan sashen informatik da ke karanta wannan, ina nan bayan la'asar ranar taronmu, kile yana aljihuna, da Charis da Andika da Alkalami da littafin Swinnen a ciki ga duk mai so. Labarin ƴar'uwarmu kuma mun sake buga shi a ƙarshen wannan littafin da sunansa na gaskiya. Ita ta duba shafin da kanta kafin a kai shago, sau uku.